Shekarar da Idon Ƙawata Ya Fara Dushewa

Muryarta na fara ji kafin na ga fuskarta. Satinmu na farko ne a jami'a a garin Madani, kudu da Khartum, ina shanya a bayan dahiliyya, wato gidan kwanan ɗalibai mata, sai na ji wata tana yi wa zare faɗa da Hausa: "Kai dai ba ka da mutunci, tun safe nake lallaɓa ka." Na leƙa ta taga. Wata siririyar yarinya ce zaune a ƙasa, ta rataya zaren ulu a babban yatsan ƙafarta tana warwarewa, kwarashi a bakinta. Na ce, "Sannu da aiki." Ta ɗago a firgice kamar an kama ta da sata, sannan ta fashe da dariya.

A jami'a ba mu cika yin Hausa ba. Larabci ya fi mana sauƙi a baki, kuma mutum ba ya son a yi ta tambayarsa asalinsa. Ni daga wani ƙauyen Hausawa na fito kusa da Hasahisa, ita kuma nasu yana can wajen Wad Haddad. Sashenmu ɗaya, muna koyon aikin gwajin jini. Kafin watan ya ƙare na yi musayar gado da 'yar ɗakinsu, na dawo kusa da ita.

Abin da take saƙawa ba hular jarirai ba ce, ba kuma safa ba. Mutanen wani kartun na Japan take yi, wanda take bi tun tana sakandare. Labarin wani jirgi ne da ke yawo tsakanin taurari yana neman duniyar da ake ruwan sama. Akwai kyaftin mace mai jar riga da hannun ƙarfe, akwai wani tsohon kunkuru mai dafa wa jirgin abinci. Ƙawata ta san tsawon jirgin, ta san ɗakin da kowa yake kwana, ta san kashin da mai zanen ya yi kuskure ya sa wa kyaftin hannun ƙarfen a dama maimakon hagu. Ta yi imani kunkurun nan uban kyaftin ne aka sauya masa halitta, kuma tana da hujjoji. Tana cikin wani zaure na waya da masoya kartun ɗin daga garuruwa daban-daban, in gardama ta kaure sai ta manta da cin abinci.

Da farko dariya nake mata. Na ce, "Ke yanzu da girmanki, kunkuru ne zai hana ki karatu?" Ta ce in kalli kashi ɗaya kawai. Na kalla, na nemi na biyu. Ban taɓa kai ta zurfi ba, amma ranar da sabon kashi ya fito mukan haɗa kai a kan wayarta bayan la'asar, muna karanta fassarar Larabci da ke gudu a ƙasa, muna raba abin saurare ɗaya, kunne ɗaya nata ɗaya nawa.

A aji kuwa ta fi ni nesa ba kusa ba. In aka ba mu gilashin jini mu duba a mijhar, madubin da ke ƙara girman ƙwayoyi, kafin in gama daidaita nawa ta riga ta gano ƙwayar maleriya, ɗan zoben nan mai ɗigo a gefe. Takan ce hannun da ya saba ƙirga idon saƙa ba ya ɓata a cikin jini.

A shekararmu ta uku ta fara cewa mijhar ɗinta yana da datti. Ta goge, ta sake gogewa, ta canja wani. Dattin ya bi ta. Bayan nan sai na lura in tana magana da ni ba fuskata take kallo ba, kunnena take kallo. Wata rana muna kallon kartun ta tsayar da shi ta ce, "Me ya ce?" Na karanta mata. Can kuma ta sake tsayarwa. Na ce, "Ƙawa, lafiya?" Ta ce, "Akwai wani abu kamar hayaƙi a tsakiya. Gefe ina gani. Duk abin da na sa wa ido shi ne yake ɓacewa."

Muka je asibitin ido. Na zauna a benci riƙe da jakarta, aka ɗiga mata magani, aka haska, aka sa ta karanta haruffan bango. Likitan ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce take bushewa. Ya tura ta Khartum. Babanta ya zo daga ƙauye ya kai ta, suka dawo da ƙwayoyin magani da magana iri ɗaya: a jira, a gani. Na shiga ɗakin karatu na ɗauko littafin ido mafi kauri, na karanta babin gaba ɗaya. Na gane abin da ke faruwa da ita sarai, har sunansa na Turanci na haddace. Da na kai wurin magani sai na tarar layi kaɗan ne, na maimaita su, na rufe littafin.

Jarrabawar aikin hannu ta matso. Akan jera mijhar a kan tebura, kowa ya tsaya a ɗaya ya rubuta abin da ya gani, a buga ƙararrawa ya matsa gaba. Lambobinmu na bin juna, ni ce a gabanta. Na ce mata abin mai sauƙi ne. In akwai ƙwaya zan bar biro a dama, in babu a hagu, sauran kuma ta fi kowa sani a ka.

Tana zaune a bakin gado tana naɗe zare. Ta ce, "To bayan jarrabawar fa?"

Na ce, "Bayan jarrabawa Allah na nan. Wataƙila idon ya buɗe."

Ta ce, "In bai buɗe ba, a kawo min jinin ɗan wata, in rubuta babu alhali akwai? Ke za ki bi ni asibitin kina ajiye min biro?"

Ranar jarrabawar ta shirya, ta sa farar rigarta, ta shiga. Ta tsaya a kowane mijhar ta sunkuya kamar kowa. Daga baya malaminmu ya gaya mini a takardarta abu ɗaya ta rubuta a kowane layi, cewa ba ta iya gani ba.

Na yi ta zarya a ofisoshi ko za a mayar da ita wani sashen da ba a buƙatar ido sosai. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa ya ce Allah Ya ba ta lafiya, ya tura ni ƙofa ta gaba. A ƙarshe aka ce sai ta koma shekarar farko, kuma sai kwamiti ya zauna. Kafin kwamitin ya zauna aka rufe jami'ar, kamar yadda aka saba rufe ta a shekarun nan. Da aka buɗe, ni kaɗai na dawo. Wata aka ba gadonta.

Mun ci gaba da magana ta saƙon murya. A nan ta gaya mini 'yan zaurensu sun shirya haɗuwa a Khartum, kowa zai kawo abin da ya yi da hannunsa, masu zane su kawo zane, masu ɗinki su kawo kaya. Ita ba za ta je ba, amma za ta saƙa kyaftin babba, mai tsawon kamu biyu, in zo in karɓa in ba wata 'yar zauren da ke karatu tare da mu. Ta ce yatsunta sun san hanya, ƙirga kawai take yi. Launi kuma ta yi masa dabara: jan zare a tasa, ruwan ƙasa na fuska a kwano, kore na takalma a ƙwarya, toka-toka na hannun ƙarfe a cikin faifai.

Lokacin tsinkar auduga na je. Mota ta sauke ni a bakin titi, babanta ya ɗauke ni a amalanken jaki, muka bi gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Mata sun cika gonakin da buhuna a kugu. Na same ta a rumfar tsakar gida kan gadon igiya, ta yi ƙiba kaɗan saboda zama, kwalli ya yi mata yawa a ido. Innarta ta ce wani kwalli ne na musamman da aka kawo daga wurin wani malami a Makwar, kuma ana ba ta rubutu safe da yamma. Na ce Allah Ya sa a dace.

Na zo mata da sababbin kashi a wayata. Ta riƙe wayar a gefen fuskarta tana hangen motsi ta wutsiyar ido, ni ina karanta fassara ina kuma faɗin abin da ke faruwa. Ban iya ba. Na ce, "Sun shiga wani ɗaki." Ta ce, "Wane ɗaki? Akwai taga mai zagaye?" Na mayar baya na duba. Ta ce, "Da kunkurun ya ba ta miya, da wane hannu ta karɓa? Ya kalle ta ko ya kau da kai?" Ban lura ba. Ina karanta magana, hoton ya wuce, ina kallon hoton, magana ta wuce. Muka yi rabin kashi ta ce, "Bar shi haka, kin gaji." Ban gaji ba, ita ma ta san ban gaji ba.

Sannan ta jawo kyaftin daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. Saƙar ba ta da makusa. Idon saƙa ɗaya bai fi wani ba, maɓallan rigar a jere, yatsun hannun ƙarfen kowanne da gaɓarsa. Amma fuskar kore ce shar kamar ganyen kuɓewa, takalman kuma ruwan ƙasa. Innarta tana bakin murhu tana yin kisra, siririyar wainar dawa, ta dube ni ta girgiza kai a hankali, alamar in yi shiru. Daga baya na ji yadda aka yi. Innar ce ta buƙaci kwanon wata rana ta juye zaren cikin ƙwaryar koren, da ta zo mayarwa sai ta musanya. Ba ta gane ba sai da fuskar ta yi nisa, ta kasa faɗa.

Ƙawata ta ce, "Ba ki ce komai ba."

Na ce, "Saƙar ta yi kyau ƙwarai."

Ta ce, "Ba saƙar na tambaye ki ba. Na ji kin ja numfashi. Ki gaya min, don in ba ke ba, babu mai gaya min gaskiya a gidan nan."

Na gaya mata. Innarta ta taso da sauri tana goge hannu a zane, ta ce, "Ɗiyata, zare ai zare na. Wa zai duba fuskar 'yar tsana? Laifina na, ki yi haƙuri." Ƙawata ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta lalubo bayan wuyan kyaftin, ta kwance ƙulli, ta fara jan zaren. Na riƙe hannunta na ce a kai haka, zan rubuta bayani, kowa zai fahimta. Ta ce abin da ba ta so ke nan, a fahimta. Muna zaune kan ya narke ya koma tarin zare mai lanƙwasa a cinyarta.

Na ce mu sake, ni in riƙa miƙa mata launi. Muka fara. Amma kan kaɗai aikin kwanaki ne, haɗuwar saura ƙiris, ni kuma washegari ina da aji da ba a yafe rashin zuwa. Na karɓi kwarashin ko zan taya ta, na yi layi ɗaya, ta shafa ta ce in bari kawai. Na bar kyaftin ba kai a kan gadonta.

Da safe babanta ya mayar da ni titi. Mutum ne marar yawan magana, tun zuwana gaisuwa ce kawai ta haɗa mu. Mun yi nisa a gefen tur'a sai ya ja linzami ya tsayar da jakin, bai juyo ba. Ya ce, "Ɗiyata, ke da kunka yi karatun tare, ki gaya mani. Idon nan zai dawo?"

Na ce, "Baba, Allah ke da iko."

Ya ce, "Wannan na sani. Abin da littafinku ya ce nika tambaya."

Na ce a littafin ba ya dawowa, sai dai yakan tsaya a inda ya kai, gefen ya saura. Ya ce kada in gaya wa innarta, sannan ya kaɗa jakin.

Na gama karatu a shekarar da ta biyo baya, na sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Hasahisa. Idon nata ya tsaya inda ya kai, kamar yadda littafin ya ce. Tana iya zuwa ɗiban ruwa ita kaɗai, tana gane mutum da tafiyarsa. Ta fita daga zauren wayar ba tare da ta yi sallama ba, ta koma saƙa wa matan ƙauye huluna da rigunan jarirai, launi ɗaya tak kowanne. Da yaƙi ya iso yankinmu kowa ya bi danginsa. Mu muka yi gabas, su na ji sun yi kudu wajen 'yan uwan innarta. Wani lokaci saƙonta yakan shigo bayan makonni, tana tambayar lafiyar mahaifiyata da ko muna samun ruwa mai kyau. Nakan amsa nan take, in zauna ina duba ko saƙon ya tafi.