Kawu Tanko da Ya Ƙi Mutuwa a Dandali

Tun da aka kafa duniya ba a taɓa samun wanda ya ja da mutuwa ya yi nasara ba, in ka ɗauke Kawu Tanko mai goro, wanda ya sha kayar da ita a idon jama'ar Agege ta Legas, a farfajiyar siton goro, ranakun Lahadi bayan la'asar.

Ku da kuka san shi kun san dokarsa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, malamin makaranta, kuma marubucin 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Duk shekara bayan ƙaramar salla mukan jero wasanni, na ban dariya su fi yawa, na ban tausayi ɗaya ko biyu. Kawu zai fito a attajiri, zai fito a kwandastan danfo, motar hayar Legas, har a mahaukaci ya fito. Mutuwa ce kawai ba ya yi.

"Malam," haka yake kirana in zai tsokane ni, "mutuwa ba a yi mata gwaji. Ran da ta zo, zan iya tun a karon farko."

Kun tuna wasan da 'yan fashi suka tare motar tumatir? Sabo tela ne ɗan fashin. Ya ɗaga bindigar katako, aka doki bokiti a bayan labule, gam! Kawu ya tsaya ƙyam, ya shafa ƙirji.

"Ba ta same ni ba."

Aka sake dukan bokiti.

"Wannan ma ta wuce."

Sabo ya matso yana raɗa, har na layin baya suna ji: "Oga, don Allah ka faɗi, rubutu ya ce ka faɗi!"

"To, rubutun ya faɗi mana."

Ƙarshe dai Sabo ne ya dafe ƙirji ya zube, don a samu a tashi kafin magariba.

A wasa na gaba na biyo masa ta guba a cikin kunu. Ya shanye tas, ya lashe baki, ya ce, "Akwai saura?"

Sai na koma ga karatuna. Na tuna Girkawan dā a bayan fage suke kashe jarumansu, ɗan aike ya kawo labari. Na ce shi ke nan, ilimi ya yi rana. Ran wasa Kawu ne Alhaji, Sabo ɗan aike ya shigo a guje: "Alhaji ya rasu!" Mata sun fara salati ke nan, sai muka ji murya daga bakin ƙofa: "Ƙarya yake yi!" Ga Kawu yana ratso mutane, yana tauna goro. "Wa ya ga gawa? A nuna mini ita!" Kai jama'a! Girkawa ba su taɓa haɗuwa da Kawu Tanko ba.

Abin da nake nema guda ɗaya ne: yammaci ɗaya tak da Agege za ta yi kuka saboda alƙalamina, a daina cewa wasanmu na shashanci ne. Bana na rubuta labarin wani ɗan dako a kasuwar Mile 12, ya tsufa da kwando a ka, ya mutu bai koma gida ba. Babu mai iya shi sai Kawu. Na durƙusa masa.

"Kawu, sau ɗaya. Ina so su yi kuka."

"Kuka suka zo yi Legas? Dubi masu kallonka. Wanne ne bai baro uwa a Arewa ko a Nijar ba? Ka kashe musu ɗan dako a gabansu, gobe da wane ƙarfi za su ɗauki kwando? Ɗan dakona da ƙafarsa zai koma gida."

"To, a bayan fage zai mutu, kuma zan kulle ƙofa."

"Kulle. Akwai taga."

Saura kwana uku mu yi wasan, zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai yi gwaji ba, kuma ya iya tun a karon farko.

Bayan sadakar bakwai muka yi wasan, Sabo ya tsaya a gurbinsa, ni na zama ɗan aike. Na shigo na ce ɗan dako ya rasu. Wallahi babu wanda ya dube ni. Farfajiyar gaba ɗaya ta juya ga ƙofa, wadda na bari a buɗe. Muka jira. Na samu kukan da na daɗe ina nema, kuma ban ji daɗinsa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya sanyaya makwancinsa, ya kai shi gidan da ba a sake barowa. Ya yafe masa abin da ya yi wa rubutuna, ni dai na yafe.

Da na je gaishe da matarsa, Inna Hajara, na zauna ina yabon aƙidarsa, ina cewa mutum ne da ya ƙi rusuna wa mutuwa don talakawa su samu ƙarfin zuciya.

Ta ce, "Wace aƙida? Gwiwa ce. In ya kwanta a ƙasa ba ya iya tashi sai an kama shi, kuma ba ya so a gani."

Na ce, "To, ta bayan fage fa, Inna?"

Ta ce, "Wannan kuma don ya ba ka haushi ne."