Lallen Latifa a Kan Yankakkiyar Ciyawa

In ana zancen lalle a cikin Hausawan Manchester, sunan Latifa ta Whalley Range ake fara kamawa. Ranakun aiki renon yara take yi a wata nursery, ƙarshen mako kuwa ta saɓi jaka ta bi amare. Ba ta da abin taƙama a ƙasar nan da ya wuce hannunta. Shekara goma sha ɗaya tana zane ba a taɓa cewa layinta ya karkace ba, kuma wallahi ba ta barin a manta.

To, sai ga hay fever. Da sanyi ya ja baya itatuwa suka fara fure, sai hanci ya ɓalle, ido ya yi jajir, atishawa bakwai-bakwai a jere. Ta ce mura ce. Ta sha citta, ta sha kanumfari, ta yi sirace har fuska ta kusa dahuwa, a banza. Clara, maƙwabciyarta 'yar Kafanchan mai aiki a kemis, ita ta zaunar da ita ta ce garin fure ne da na ciyawa da iska ke kwasowa. Magani ɗaya da safe, wanda ba ya sa barci, feshin hanci tun kafin lokacin ya kama, basilin a bakin hanci, taga a rufe, a daina shanya a waje. Latifa ta bi, tana mita.

Ƙarshen watan Mayun bara Hajiya Rabi'a, matar wani likita a Perry Barr, ta kira ta lallen 'yarta Na'ima. Karon farko ke nan da aka neme ta daga Birmingham, in ya yi kyau ƙofa ta buɗe. Tun a jirgin ƙasa ta kasa zama. Ta duba waya, an ce iskar yau cike take da garin ciyawa. Ta lalubi jaka ko ta manta feshi, ta tashi, ta zauna, ta sake lalubawa.

Tana isa ta tarar an baza dardumai a lambun bayan gida. Rana ce ta fito bayan dogon jira, maigidan kuma ya sa an yanke ciyawa da safen nan saboda baƙi. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya doki hancinta. Hajiya kuwa sai nuna mata wurin take cikin murna. Ina baƙuwa daga zuwa za ta ce a kwashe mata talatin a koma ɗaki? Kunya ta rufe mata baki, ta ce wuri ya yi kyau.

Hannun dama ya tafi lafiya. A na hagu ido ya fara ƙaiƙayi, ga yatsu duk lalle, ba halin susa. Wata gwaggo ta miƙo magani daga jakarta. Latifa ta ga mai sa barci ne, ga shi ta riga ta sha nata, ta yi godiya ta mayar. Sau biyu tana janye hannu kafin atishawa ta zo. Ta uku ta riga ta. Layi ya zarce daga tsakiyar fure har wuyan hannun amarya.

 Latifa ta goge da sauri, amma haɗinta mai saurin kamu ne, sawu ya zauna.

"Hajiya, don Allah a mayar da mu ciki a rufe tagogi," in ji ta. "Tun da na zo ya kamata in faɗa."

"Haba 'yar nan, ciwo ai ba abin kunya ba ne," in ji Hajiya.

A ciki ta wanke fuska, ta sauya mayafi, ta ƙarasa aiki, ta binne sawun da zanen ganye. Na'ima ta juya hannu ta ce Anti ba wanda zai lura. Latifa dai ta san yana nan.

A hanyar komawa ta rubuta wa amare huɗu da ke jiranta a watan Yuni cewa lallenta a ɗaki ake yi, tagogi a rufe. Uku suka ce ba damuwa. Ta huɗu 'yar unguwar Aston ce a Birmingham, ranar ta shiga layi, tana cikin waɗanda suka zauna a lambun. Jirgi bai yi nisa ba amsarta ta shigo: "Allah ya ƙara lafiya Anti, mun riga mun samu wata."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta kife wayar a cinya, ta juya fuska wajen taga don kada na kusa da ita ya ga ƙwallarta.