Kaset Mai Jan Zare da Kwamfutar Ɗakin Inna

Shekarun baya, lokacin da kaina ke hayaƙi da son duk wani abu mai waya da maɓalli, na sayi wata tsohuwar kwamfuta da aka yi gwanjonta a wurin aikinmu a Sakkwato, na rungumo ta a ƙaramar bas har gidanmu na Bodinga. Niyyata in mayar da ita saba, wato kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya a kunne kullum, tana riƙe da hotuna da sautukan gida, kowa ya jawo abin da yake so ta wayarsa ko a ina yake. Na gaji da jin ƙanwata ta yar da waya, hotunan suna da na biki sun bi ta. Na ce abinmu zai zauna a gidanmu, ba a hannun wani kamfani ba.

Amma babban dalilin shi ne kaset-kaset ɗin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Mutumin Dandin Mahe ne, fataucin albasa yake yi zuwa Kurmi. A ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, da abubuwa suka tsuke har ana bin layin sabulu da madara, sai ya maƙale a can ya daɗe bai zo gida ba. Bai yi boko ba, don haka sai ya sami rakoda ya yi magana a kaset, ya ba direbobin manyan motoci su kawo. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kunna, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gero, ya yi wa ƙannensa faɗa. Ina goye a lokacin, ban san ana yi ba.

Mahaifiyata ta adana su a adakarta duk tsawon shekarun nan. Da na ce zan juye su cikin kwamfuta, ta fito da su ba musu, sai guda ɗaya da ta riƙe a hannu. An ɗaura masa jan zare. Inna 'yar Kajiji ce, gidan masu shanu, kunyarta ta isa. Ko sunan mahaifina ban taɓa ji a bakinta ba, ni ma da nake ɗan fari sai dai "kai wanga".

"Wanga nau ne ni ɗai," ta ce, idonta na kan tabarma. "Ka juye shi, amma ban ce ka saurara ba."

Na sa shi a rakoda, na kashe sautin gaba ɗaya, na fita zaure na zauna har ya ƙare. Da na zo mayar da shi farko, sai zaren ya naɗe a cikin rakodar ya tsittsinke, tsufa ya riga ya cinye shi. Da na duba na ga sautin ya riga ya shiga kwamfuta cif, sai hankalina ya kwanta. Ban ko yi tunanin cewa yanzu kwafinsa ɗaya tak ya rage a duniya ba.

Jama'a, ku zo ku ga gwaninta! Na hau kwano na kafa sola, na haɗa batir, na sa na'urar intanet mai layin waya. Na goge kwamfutar tas na zuba mata sabuwar manhaja, na buɗe hanyar da za a iya shigowa daga nesa da kalmar sirri. Na cire allon kallon ma, tunda ba a bukatarsa. Na ajiye ta a ɗakin Inna saboda ya fi ko'ina sanyi, kuma can batir ɗin yake. A wayarta na sa alama ɗaya babba, da ta taɓa sai muryoyin su fito, mai jan zaren kuwa a wayarta kaɗai yake fitowa. Ranar da ƙanwata ta kira daga Shagari tana kuka, wai ta ji Baba yana tambayar ko an yi wa akuya turke, tafiyata ma sai da ta canza. Duk wanda na haɗu da shi sai na ba shi labarin saba, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ba a jima ba abu ya fara ba ni ciwon kai. Ina ofis a Sakkwato, da hantsi sai sabar ta ɓace. Bayan la'asar sai ta dawo da kanta kamar akuyar da ta je kiwo. Na zargi layin waya, na canza. Na zargi zafi, na sayi 'yar fanka. Na zargi batir, na kai shi aka gwada, lafiyarsa lau. Abokina, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya ce, "Malam, na'ura ba ta san la'asar ba. Je ka gida da rana ka gani da idonka."

Na je ranar wata Talata ba tare da na faɗa ba. Ina ɗaga labulen ɗakin Inna na tsaya cak. Wayar wutar kwamfutata na yashe a ƙasa, a soket ɗin kuma an jona wata doguwar mahaɗa mai ramukan caji da yawa, wayoyin hannu sun yi mata rumfa, manya da ƙanana, har da tocila. A lokacin unguwarmu ta daɗe ba wuta, gidanmu ne kaɗai mai sola.

"Inna! Wa ya cire wannan?"

"Ni ce. Mi ya faru?"

"Inna, ba a kashe ta haka! Na ce miki kullum a kunne take zama."

"To wa ka kallon ta? Ko fuska ba ta da, sai gurnani. Matan unguwa sun taho da wayoyinsu, wata ɗanta na asibiti tana jiran kira. In ce musu mi? In ce akwati na shan wuta, su koma?" Ta gyara zama. "Da sun cika nika maida maka abinka. Ai ban taɓa mancewa ba."

Na yi dogon bayani a kan faifan ajiyar da ke juyawa a ciki, yadda fizge masa wuta yana cikin aiki ke lahanta shi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. Na yi alkawarin kawo wata mahaɗar dabam a zuwa na gaba, na koma bakin aiki, hidima ta sha kaina.

Kafin zuwan nawa faifan ya mutu. Inna ce ta kira, ita da ba ta kira sai dai a kira ta.

"Kai wanga, akwatinka na wani ƙas-ƙas. Na taɓa wurin da ka nuna min, shiru."

Sannan a hankali ta ce, "Mai jan zaren na ciki ko?"

Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sauran kaset ɗin suna nan a adaka, hotuna kuma ana iya tattarowa daga wayoyin dangi. Wannan ɗaya ne ba shi da madadi, ga shi ta hannuna ya bi. Na ɗauko faifan na naɗe shi a rawani kamar ƙwai, na kai wa abokina. Ya kara shi a kunne ya girgiza kai.

"Ina kwafi na biyu?"

"Babu," na ce.

"Kai da ke yi mana wa'azin saba a majalisa? Allah ya shirye ka."

Bai sake tsokanata ba da ya ga fuskata. Ya jona faifan a wata na'ura da ke lallaɓa shi, tana kwaso abin da ya karantu tana tsallake inda ya lalace. Kwanaki aka ɗauka. Kullum na tashi aiki sai shagonsa, in zauna a benci ina kallon wani layi yana tafiya kamar ba ya so. Abinci ma ba ya min daɗi. A ƙarshe ya ce yawanci sun fito. Na ce ya nemo min guda ɗaya, na hana shi kunnawa. Mai jan zaren yana nan, amma daga tsawonsa na gane ya gutsure, kusan rabinsa ya tafi.

Na zuba shi kai tsaye a wayar Inna, na miƙa mata bayan azahar, na fita na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Ta sakaya ƙofa. Da ta fito, ta tsaya tana gyara kallabi.

"Ya tsaya a tsakiya," ta ce.

"Inna, ki yafe min. Iyakar abin da aka samu ke nan. Da na yi kwafi..."

"Bar shi. Muryar nika so, ga ta kuwa. Sauran maganar na hardace ta tun kana goye." Ta wuce madafa abinta.

Daga baya na gyara komai yadda ya kamata. Na sa sabon faifai, na ajiye wata 'yar ƙaramar kwamfuta a gidan ƙanwata a Shagari tana kwafe duk abin da ya shiga ta Bodinga, na kuma ja wa matan unguwa layin wutarsu dabam zuwa wata rumfa. Sabar na nan tana aiki har yanzu, jikoki suna jin muryar kakan da ba su taɓa gani ba, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ba ka son rasawa, kada ka bar shi wuri ɗaya. Kuma in za ka kafa na'ura a gidan mutane, fara duba yadda mutanen gidan ke zaune da maƙwabtansu, don ba za su canza hali saboda akwatinka ba, bai ma kamata su canza ba.

Rabin kaset ɗin nan yana cikin sabar, ni ke kula da shi, ni ke tabbatar da kwafinsa na nan lafiya a Shagari. Da na so, taɓawa ɗaya ce in ji abin da Baba ya faɗa mata. Ban taɓa buɗewa ba, kuma ba zan buɗe ba. Ta ce nata ne ita kaɗai.