Ƙarar Butar Baba

Shekarun baya, lokacin da Shari'a ta shigo kowa na neman mai tsoron Allah da zai nuna da yatsa, mutanen ƙauyenmu a ƙasar Baure suka gano nasu a gidanmu. Mahaifina ne. Ba malami ba ne, dillalin awaki ne kawai. Amma maƙwabcinmu, da katanga ɗaya ta raba mu, ya riƙa jin ƙarar butarsa cikin dare. Ya kwanta ya ji, ya farka ya ji. Sai ya kai labari masallaci: "Wallahi bawan Allahn nan ba ya barci, a kan buzu yake kwana."

Shi ke nan, magana ta bazu. Mata suka fara aiko da dabino da zuma da fura mai sukari, wai a saka su a addu'a. Baba ya ci ya sha, don kullum cikin yunwa da ƙishirwa yake, kafin asuba ya kusa ƙarar da randa. Ya rame, aka ce hasken ibada ne. Ni kuwa sakarai, har kafaɗa nake ɗagawa cikin samari, ɗan waliyyi guda.

Da na ga yana tsoma ƙafafunsa a ruwa da daddare saboda zugi, riga sharkaf da zufa, na sami mahaifiyata na ce, "Inna, anya Baba lafiya yake?" Ta harare ni. "Kai, kama bakinka. Yaushe ɗa ya fara bin diddigin daren ubansa?"

Ranar wata kasuwa ya dawo da ƙaya a tafin ƙafa, bai ma ji shigarta ba. Miki ya ƙi warkewa har ya fara wari. Na goya shi a babur zuwa asibiti a Daura. Likita ya duba ƙafar, ya ce, "Baba, kana yawan tashi fitsari da dare?"

Baba ya juya fuskarsa bango don kada mu haɗa ido. "Likita, shi ke tada ni. In na tashi kuma sai in ji kunyar komawa shimfiɗa, tunda mutane sun riga sun ce salla nake. Sai in yi raka'a biyu."

Ciwon suga ne, ya daɗe yana cin sa. Aka yanke ƙafar. Bai ga damina ta gaba ba.

A zaman makoki maƙwabcin nan shi ne a gaba, yana ta ba da labarin buta, mutane na kabbara. Wallahi ji na yi kamar in kore su duka. Daga baya Inna ta ce mini ta daɗe da ganin tururuwa na taruwa a makewayi bayan ya fito. "Na san akwai abu, amma da wane baki zan tambaye shi?"

Ban ja da ƙaddara ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma har yau abin na ci mini rai. Gari guda ya ji labarin butar nan, ba wanda ya ce, "Malam, lafiya?" Zuma kawai aka yi ta ɗura masa.

Yanzu in aka ce wane ba ya barci don ibada, sai in ce Allah ya karɓa, amma a kai shi a gwada jininsa. Ana ce mini marar kunya. Na yarda. Mu da muka yi kunyar ai mun binne namu.