Farantin da aka ƙera da ƙarfen filin bam

Shekara biyu ina shan shayi a kan farantin nan kafin na tambayi asalinsa, kuma har yau ina jin haushin bakina.

A ƙasar waje inda muke ci-rani, muna ɗaki ɗaya a unguwar Fereej Abdel Aziz da wani dattijon Buzu daga kudancin Aljeriya, direban motar ruwa. Ni kuma ina gadi a wani asibiti a unguwar Al Sadd. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya jera kofuna a kan farantin ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. A wurinsu shayi zagaye uku ne, wanda ya tashi kafin na uku ya raina mai gida.

Ranar da na yaba farantin, sai ya ce babansa maƙeri ne, shi ya ƙera. A can cikin hamadarsu Turawa suka yi gwajin bam ɗin nukiliya, suka tafi suka bar ƙarafa a fili. Mutane suka kwashe, har wayar shingen ba su bari ba, aka yi rufin ɗaki da tukwane.

Na ce, "Baba, shi baban naka fa?"

"Ciwon daji. Da shi da ƙanwata. Yalla, maza sha, zai huce."

Na sha, amma tsoro ya kama ni sosai, kada a ce gubar bam ɗin tana nan a jikin farantin. A asibitinmu na ga irin kaurin ƙofar ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, na ga yadda ma'aikata ke fita kafin a kunna na'ura. Juma'a uku ina ƙirƙiro wa kaina aiki. Bai tambaye ni komai ba. In na dawo sai in tarar da kofina a wanke, a kife.

Daga ƙarshe na je shagunan Al Mirqab na sayo sabon faranti mai walƙiya, na ba shi kyauta. Na ɗauka na yi dabara. Ya juya shi, ya sa mini albarka, sannan ya shimfiɗa shi a ƙasa ya ɗora tsohon a kai, wai kada siminti ya ƙara goge shi.

Yana zuba shayi ya ce, "Wannan kaɗai ya rage mini na hannun babana. Duk wanda na ba labarin ba ya sake zama. Kai ne ka fara dawowa."

Ya miƙo kofi. Na karɓa, na zauna har na uku.