Jan Layin da Ya Daina Motsi

Da na dawo gida daga karatu, na daɗe ina ganin kallon fim a waya raba mutane kawai yake yi. Kowa ya sunkuyar da kai, ya toshe kunne, ko sallama ba ya amsawa. Har yau ban saki wannan ra'ayi gaba ɗaya ba, amma labarin telar da ke gyara mini kaya ya sa na sassauta murya.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Kekunan ɗinki biyu ne a ciki, ɗaya ya mutu an mayar da shi teburin yanka, sai madubi mai tsaga a kusurwa. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tun tana budurwa take taka keke, da shi ta riƙe karatun ƙanwarta Auta, har Auta ta zama nas ta samu aiki a wani gari mai nisa.

Da ciwo ya kwantar da mahaifiyarsu, Auta ta yi rajista a wata manhajar kallon fina-finai, ta turo wa Yaya lambar sirri don tsohuwa ta riƙa ɗebe kewa. Su ukun suka kama wani fim mai dogon zango, irin wanda ba a ganin ƙarshensa. Tsohuwa ta rasu Auta tana bakin aiki, ba ta iso ba sai bayan an binne ta. A gaban mutane Yaya ta ce mata, "Kin iya jinyar iyayen wasu, taki uwar kuwa sai ta waya." Auta ta ɗauki jakarta ta tafi. Daga ranar ba kira, ba saƙo.

Sai dai ba ta canza lambar sirrin ba.

A ƙasan hoton fim ɗin akwai wani jan layi mai nuna inda aka tsaya, kuma da yake lambar sirri ɗaya suke amfani da ita, layin ma ɗaya ne. Da rana, idan Yaya ta zauna yin kalmasa da hannu, takan jingina wayar da gwangwanin maɓallai, sai ta tarar layin ya yi gaba. Auta ta kalla ke nan. In ya yi tsalle da yawa, tana hutu. In ɗan kaɗan ya matsa, barci ya sace ta bayan aiki. Da wannan Yaya take sanin lafiyar ƙanwarta.

Mai kitson da ke shagon kusa takan leƙo ta tambayi labarin Auta cikin tsokana, ta ce, "Yaya, ya mara lafiyarmu? Ta motsa?"

"Ta motsa. Ke kuma bakinki bai taɓa tsayawa ba."

"Ki kira yarinyar nan mana. Wayar ba ta cizo."

"Ni ce babba. Ita ta kira."

Wata rana Yaya ta lura duk lokacin da ta kalla tana ɓata wa Auta wurin da ta tsaya. Mutum ya dawo a gajiye kuma ya hau neman inda ya kwana a labari? Sai ta fara wata dabara: in ta gama nata kallon, ta ja layin da ɗan yatsa ta mayar daidai inda ta same shi.

Ba a daɗe ba layin ya tsaya cak. Kullum ta buɗe, hoto ɗaya ne: wata mata riƙe da ƙofar mota, baki buɗe. Sati ya wuce, wani ya bi shi. Yaya ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinkawa a baibai. Mai kitso ta daina tsokana. Nas ce fa, cikin masu ciwo take wuni. In wani abu ya same ta, wa zai gaya wa yayar da ba ta magana da ita?

Da safe, kafin ta cire mayafin keke, ta danna lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Yaya! Lafiya kike?"

"Ni za ki tambaya? Ke me ya hana ki kallo?"

"Ke ce kika daina! Kullum inda na bar shi nake samunsa. Na ce bari in ƙyale shi in ga ko zai motsa. Na zaci kina kwance ne."

"Mayar miki nake yi, sakarya, don kada ki ɓata!"

Sai Auta ta fashe da dariyar da ta rikiɗe ta koma kuka. Mai kitso, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da matsefi a hannu, ta ja musu labule.

Ranar da Yaya ta ba ni labarin tana rage mini tsawon wando, fil a bakinta, na tambaye ta wa ya fara ba da haƙuri a cikinsu.

Ta zare fil ɗin ta ce, "Ba wadda ta ba da. Na dai ce mata daga yau duk wadda ta kalla ta bar layin inda ya tsaya. Wannan kirkin ya kusa kashe mu."