Ɗauko Goggo daga Gunfuda a jirgin iska

Mun tashi da asuba daga Jarwal, unguwarmu a Makka, ni da ɗan baffana mahauci, a bayan wata tsohuwar lori mai zuwa Jidda, saura wata guda cif a hau Arfa. Aiken Baba ne. Ƙanwarsa, Goggo, tana Gunfuda, wani gari na bakin teku can kudu, tun shekarar da suka ƙetaro daga Sudan. Shi jirginsa ya sauke shi a Jidda, ita nata ya sauke ta can. Ta yi aure, ta hayayyafa, kullum saƙonta "baɗi ina tafe", har shekara ashirin da biyar ba ta ga Ka'aba ba. Bara mijinta ya rasu, ƙafa kuma ta fara gagarar ta. Baba ya ce mu ɗauko ta ta yi hajjin bana, don bai ga alamar za ta iya na baɗi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kam wata biyu muka yi muna fafe namu. Kullum bayan la'asar dattawan unguwa, waɗanda suka tako da ƙafa tun daga Kano ta Wadai, sukan cika ƙofar shagon ɗinkina suna tsara mana hanya. Sun sa mun ɗauki kilishi, dabino, da salkar ruwa biyu. Lissafinsu irin na fatake ne: zango bakwai zuwa, zango bakwai dawowa, kwana bakwai a huta, ga mako guda rara. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni, ina jin kaina wani madugu.

Kwana uku muka yi a Jidda ana loda wa jirgin ruwan da za mu shiga shinkafa da gwangwanayen kananzir. Na katako ne, babu inji, sai wani ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Shugabansa, wanda suke kira nahuda, wani siririn tsoho ne mai rowar magana.

Hanyar ba ta tsakiyar teku ba ce. Tsakanin gaɓa da jerin duwatsun murjani ake bi, inda ruwa ke kwance luf, kana hango kifi har ƙasa. Ba a tashi sai rana ta ɗaga, don mutumin da ke goshin jirgi da launi yake karanta hanya: shuɗi a wuce, kore a yi hattara, ruwan ƙasa kuwa dutse ne. La'asar na yi sai a jefa anga a wani lungu, a dafa shinkafa da kifin da aka kamo a hanya. Ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Mahaucinmu, mai cika bakin kayar da bijimi shi kaɗai, yinin farko rungume da buhu ya yi shi yana salati. Kashegari ya warware, ya cinye rabin kilishin wai yana rama bashin ciki. A garin Lit mun sayi kifi tsawon hannu da abin da ba zai saya maka gurasa uku a Makka ba.

Rana ta biyar, iska na tura mu kamar an aiko ta, na ce wa nahuda in ta ɗore haka ai kwana shida ya ishe mu komawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni da sunan da Larabawa ke kiran mutanenmu.

"Ya Takruni, iskar arewa ce wannan, ba ta juyawa don kai. Ita ke kai ka a kwana shida, ita za ta riƙe ka kwana ashirin a dawowa."

Wata biyu muna tsari, ba wanda ya tambayi iska, don mu a wajenmu tsawon hanya ɗaya ne ko ta ina ka biyo ta.

Goggo ta tarbe mu da guɗa da kuka a haɗe. Ta shafa fuskata ta ce kunnuwan Yaya ne sak, Allah Ya sa ban gado taurin kansa ba. Muka ci gurasar dawa mai zafi da man riɗi har muka kasa tashi. Sallamar 'ya'ya da jikoki da lodin jirgi suka cinye kwana biyar.

Dawowa kuwa, sannu sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Jirgi ya karkata dama, ya karkata hagu, tsaunin da muka gani da hantsi shi muke kallo da la'asar. Jinjirin watan Zulhajji ya tsaya ba mu ko kai Lit ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na kasa haɗa ido da Goggo. Da muka iso Lit, ita ce ta yanke.

"Ɗan Yaya, ruwan nan ya taɓa raba ni da Makka sau ɗaya. Ku sauke ni, ku nemo raƙumi."

Muka nemo. Kwana biyar tana bisa, mu muna ƙasa, tana yi mana tsiya wai 'yan birni ba su iya tafiya ba. A miƙatin Yalamlam muka ɗaura harami, muryarta ta fi ta kowa a talbiyya.

Mun shigo Jarwal ranar da ake fita Mina, unguwa duk ta watse. Baba kaɗai ke zaune a ƙofar gida cikin haraminsa, ya ƙi bin ayari. Ya miƙe, ya ce, "Kin makara." Ta ce, "Ai ka san ni, Yaya." Suka riƙe hannun juna, mu muka kau da kai muna share ido.

Na koyi cewa mai tsara tafiya ya fara tambayar masu hanyar kafin masu son sa, kuma dawowa ita ma tafiya ce mai nata lissafin. Kashegari Goggo ta tsaya a Arfa, kusa da yayanta, tun daga azahar har faɗuwar rana. Sau uku na kawo mata tabarma, ta ƙi zama.